Wai akawun soja shi ma ɗan mazan jiya ne?

Nura_Ringim
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, kuma don Allah masu sani su amsa. Ƙanin kakanmu da muke ce wa Baba Ƙarami ya yi soja lokacin yaƙin basasa, a 1968 aka ɗauke shi, da yake ya yi firamare har aji bakwai sai aka tura shi ofishin bataliya ya zama akawu. To jiya da daddare a teburin mai shayi wani ya ce wai mu daina kiran sa ɗan mazan jiya, wai zaman ofis ya yi, har aka gama yaƙin bai harba ko harsashi ɗaya ba. Abin ya ban haushi amma na rasa abin da zan mayar masa, don tsohon ya rasu kuma da ma ba mai yawan ba da labari ba ne. Me akawu yake yi a sansanin yaƙi daga safe zuwa dare? Soja ne cikakke ko ma'aikacin gwamnati ne aka sa wa kaki?

Sarkin_Gardama_Bichi
Wa alaikumus salam. Nura ka yi haƙuri amma mutumin nan bai yi ƙarya ba. Wanda ya kwana a rami ruwa na dukansa harsashi na wuce kunnensa, da wanda ya kwana a tanti yana buga tafireta, ba za ka haɗa su ba. Allah ya jiƙan tsoho, amma gaskiya gaskiya ce.

Ummu_Sadiya
Kai dai ba ka taɓa ganin magana ka bar ta ta wuce ba. Kai wane ramin ka kwana?

Sarkin_Gardama_Bichi
Hajiya ai ni ban ce a kira ni ɗan mazan jiya ba hhhh

Auwalu_Jahun
A jira Baba Saje ya hau, shi ne zai raba wannan gardamar, aikinsa ne.

Saje_Mai_Ritaya
Salamu alaikum. Nura ɗana Allah ya jiƙan Baba Ƙarami ya sa ya huta. Wannan aikin da shi na ci abinci har na ajiye kaki. Lambata ta aikin soja da 79NA ta fara, su kakanka kuwa tasu da 63NA ta fara, iyayen gidanmu ke nan, a hannunsu muka koyi aiki.

Kai na Bichi bari in fara da kai. Ba a ɗaukar mutum a ce masa ga biro je ka zauna. A zamaninmu Depot ɗin Zariya, inda ake horar da kurata, kowa yake fara zuwa, a aske maka kai, ka sha gwale-gwale da tsallen kwaɗo, ka koyi kwance bindiga da ɗaura ta, ka je filin harbi. Sai ka fita daga kurtu ka zama soja sannan a duba a ce wane direba, wane kuku, wane sigina, wane akawu. Ni daga baya aka tura ni kwas a Apapa. Bindigata tana da lamba kamar ta kowa kuma a jingine take da teburina.

Yanzu yadda rana take. Tun kafin assalatu an tashe ku. In bariki ne na zaman lafiya a fita gudu, in bakin daga ne kowa ya shiga raminsa da bindiga a hannu har gari ya waye tangaran, don da asuba da kuma magariba aka fi kawo hari. Akawu yana da nasa ramin shi ma, babu wanda zai haƙa masa. Ana fitowa sai ƙirga. Samanjan kowane kamfani zai kawo nasa: mutum nawa ke tsaye, nawa ke asibiti, nawa ke gadi, nawa suka fita sintiri, nawa ke gadurum, nawa aka ba fas suka tafi gida, nawa suka gudu, nawa suka rasu. Ni zan haɗa su su zama takarda ɗaya in kai wa ajutan, hafsan da ke kula da ofishin bataliya, ya sa hannu, a aika birged da ke sama da mu ta sigina. In jiya mutum 700 ne yau kuma 697, sai ka faɗi inda ukun nan suke, da sunansu da lambarsu. Ba a cewa ban sani ba a gidan soja.

Da wannan adadin kwatamasta, mai kula da kayan bataliya, yake karɓo abinci, shinkafa da wake da garin kwaki da man ja da naman gwangwani. Ka rage mutum talatin a lissafi to akwai mutum talatin da kwanonsu zai dawo babu komai, kuma sun san ofishin da za su zo nema.

Auwalu_Jahun
Ba na faɗa ba. Baba ci gaba muna tare da kai.

Saje_Mai_Ritaya
Da hantsi kuma sai a shiga buga oda. Iri biyu ce. Fat wan oda ita ce ta yau da gobe, wa zai yi gadi, wane hafsa ne ke kan aiki, ƙarfe nawa fareti, wane wuri aka hana zuwa. Ana liƙa ta a allo, kuma rashin karantawa ba uzuri ba ne, wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa. Fat tu oda ita ce babba. Duk abin da ya sami soja a rayuwarsa a cikinta yake fitowa: an ƙara masa igiya, an cire masa igiya, an yi masa canjin bataliya, ya yi aure, an yi masa haihuwa, an kwantar da shi asibiti, an yanke masa albashi, ya ɓata, ya rasu. Kwamanda zai iya ɗaura maka igiyar kofur a gaban kowa a tafa maka, amma muddin ba ta fito a fat tu oda ba albashin farabiti za ka ci gaba da ɗauka.

Kuma ba kwamfuta a lokacin. Tafireta ce da takardar kabon, ka jera kwafi huɗu ko biyar ka dinga duka da ƙarfi don na ƙarshen ya fito. In masu yawa ake so a yanka stensil a murza a inji, hannunka duk tawada. Lamba ɗaya ta kuskure a sake shafin gaba ɗaya. Dare ya yi kuma babu maganar kunna fitila a fili, a-ci-balbal ko tocila ce a cikin tanti an rufe ko'ina da bargo, zafi kamar ka mutu, sauro kuma ba a magana. Bayan tatu na dare, wato ƙirgar ƙarshe, wasu su kwanta, kai kana nan kana rubuta littafin yaƙi na bataliya, abin da ya faru yau da lokacin da ya faru. Sannan sunanka yana cikin jerin masu gadi, da hannunka ma ka buga shi.

Sarkin_Gardama_Bichi
Baba ranka ya daɗe na ji, kuma na yarda akwai wahala. Amma duk abin da ka lissafa ai shi sakataren ƙaramar hukuma yake yi, bambancin kawai sauro. Tambayata ita ce yaƙi. An harbe ka? Ka harba?

Ummu_Sadiya
Innalillahi. Yaron nan ba ka da kunya wlh, sa'an babanka kake yi wa wannan tambayar.

Saje_Mai_Ritaya
Ƙyale shi Hajiya, tambaya ce mai kyau. Ina Monrobiya ta Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a watan Oktoba na 1992 lokacin da mutanen Charles Taylor suka kawo wa birnin babban hari. A kwanakin nan babu akawu babu kuku babu makaniki, duk wanda ke da hannu biyu an ba shi wurin da zai tsare. Muka rufe akwatin takardu muka shiga rami. Abin da ya faru a ramin ba na kawo shi a waya, ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Abin da zan faɗa maka shi ne da abin ya lafa sauran suka samu suka ɗan runtsa, ni kuma aka ce in buɗe akwati in fara jera sunayen waɗanda babu. Wasu da su muka ci abinci a kwano ɗaya. Ka buga lambarsa, ka buga sunansa, ka buɗe fayil ɗinsa ka ga wa ya rubuta a matsayin magajinsa da sunan ƙauyensu. Kuma igwa ba ta tambayar wane tanti ne na ofis.

Bashir_Kazaure
Allahu akbar. Allah ya saka muku Baba. Mu dai sai dai mu ji a rediyo.

Malam_Tarihi_Gumel
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Baba Saje ya gama da ɓangaren aiki, ni bari in ɗan koma baya don akwai abin da zai taimaki Nura. Shi kakanka a 1968 ya shiga, lokacin da sojan Nijeriya yake kumbura da gaggawa. Kafin yaƙi ya fara a Yulin 1967 sojan bai wuce dubu goma da 'yan kai ba, zuwa Janairun 1970 da aka gama ana maganar wajen dubu 250. Ka yi tunanin wannan. Mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka da tasha da kasuwa, horon ma an gajarta shi don ana buƙatar su a daga, akasarinsu ba su iya rubuta sunansu da boko ba. Kowannensu yana buƙatar lamba da fayil da albashi da abinci. Kuma da yawa cikin waɗanda suka san aikin ofis da sana'o'in hannu a tsohon sojan 'yan Gabas ne, sun koma gida tun bayan rikicin 1966. Don haka yaron da ya gama aji bakwai a ƙasar Ringim a wancan lokacin ba ƙaramin abu ba ne a bataliya, kwamanda ba zai yarda ya tura shi gaba ba ko da shi yaron yana so.

Nura_Ringim
Malam wannan ya yi daidai da abin da kakarmu take faɗa, wai ya nemi a mai da shi cikin abokansa da suka taho tare aka hana shi. Da ina ɗauka faɗa kawai take don ta kare shi.

Malam_Tarihi_Gumel
A yaƙin Hitila kuwa abin ya sha bamban. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka je Burma, aka kwashe su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, a Janairun 1945 kuma aka kama Myohaung. Masu riƙe bindiga da 'yan dako da yawa mutanenmu ne na Arewa, Hausa ce ma harshen bariki, Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Amma akawu da ɗan sigina da ma'aikacin asibiti galibi 'yan Kudu ne da suka yi makarantar mishan. To a dajin Kaladan babu hanyar mota ta kirki, ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi da lema. Abin da aka rubuta aka aika shi za a jefo. Kun ga nan lissafin akawu shi ne cikin kowa.

Har yau sunayen wuraren nan suna kan barikokinmu, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Chindit ta Zariya kuwa ba sunan wuri ba ne, sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a Burma.

Bashir_Kazaure
Malam har da Bukavu ta Kano ko? Na ji an ce ita ma sunan wani gari ne a Burma.

Malam_Tarihi_Gumel
A'a Bashir, Bukavu a Kwango take. Sojojinmu sun je can aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960, daga nan sunan ya zo.

Inna_Ta_Malam_Madori
Salamu alaikum 'ya'yana, jikata ce ke rubuta min. Ni mahaifina ya je Burma, ina goye aka tafi da shi. Ba da son ransa ba, an ce wa dagaci ya kawo samari ne sai ya faɗo a ciki, a tashar jirgin ƙasa ta garinmu aka sa su zuwa Kano. Innata ta ce abin da ya riƙe ta shi ne wani abu da ake yanka daga albashinsa ana aiko mata ta hannun En'e, sai ta je ta dangwala yatsa a ba ta. Da wasiƙa. Shi bai iya boko ba, allo ya yi, to akwai wani akawu Bayarabe a cikinsu da yake jin Hausa, shi yake zama da daddare ya rubuta wa mutane wasiƙa, kowa ya faɗi nasa. In ta iso sai a kai wa malamin haraji ya karanta a zaure kowa na ji, don haka ba a faɗin sirri, daga gaisuwa sai a gaida wane a gaida wance, sai kuma a ce a kula da akuya. Har ya rasu yana yi wa Bayaraben nan addu'a. Ya ce abin da ya fi kewa a can goro ne da fura. Ni dai ban san yaƙi ba amma na san ba don mai rubutun nan ba da an raba gadonsa yana raye, don an yi wa wani haka a ƙauyen gaba da mu, ya dawo ya tarar matarsa ta yi takaba ta yi aure.

Ummu_Sadiya
Allah sarki Inna. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A kula da akuya ta ban dariya ta kuma ban tausayi.

Sarkin_Gardama_Bichi
Inna ina gaisuwa, Allah ya jiƙan mahaifa. Ni ban ce akawu ba shi da amfani ba fa jama'a, ku daina juya min magana. Likita ma yana da amfani. Cewa na yi daraja hawa-hawa ce.

Ɗan_Gaya_Mai_Taki
To tunda ana ta yabon akawu bari ni in kawo ɗaya gefen, don ba duka ne na Allah ba. Babanmu ya yi yaƙin basasa a runduna ta biyu, yana cikin waɗanda suka tsira a ƙetaren kogi na Onica a 1967, mutane da yawa ruwa ya ci a gabansa. Ranar da aka ɗauke shi wanda ya rubuta sunansa bai tambaye shi sunan uba ba, ya ji daga inda ya fito kawai ya haɗa sunansa da sunan gari, sunan nasa ma ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Shekaru suna tafiya aka zo tantance 'yan fansho, katin shaidarsa da takardar banki suna ɗauke da sunan mahaifinsa, takardar sallama kuma tana ɗauke da sunan gari. Aka ce ba shi ba ne. Tsoho da tabon harsashi a cinya yana nuna musu suna cewa tabo ba takarda ba ne. Mun yi ta zirga-zirga, rantsuwar kotu, wasiƙar hakimi, har muka sayar da tumaki saboda kuɗin mota. An gyara daga baya amma bai daɗe yana ci ba ya rasu. Shi wancan da ya yi rubutun ko a jikinsa, minti ɗaya ya ɓata a kai.

Auwalu_Jahun
Wannan matsalar ta sunan gari ta taɓa mutane da yawa wlh. A garinmu ma akwai. Wasu kuma su da kansu suka ba da sunan ƙarya don gudowa suka yi daga gida ba sa so iyaye su gano su.

Saje_Mai_Ritaya
Ɗan Gaya Allah ya jiƙan baba, kuma ba zan kare wanda ya yi wannan ba. Amma ka lura, labarinka shi ne hujjar da ta fi tawa ƙarfi. Mutum ya ƙetare kogi ana harbinsa, rubutun minti ɗaya ya hana shi haƙƙinsa shekara da shekaru. Shi ya sa babban akawun da ya koya min aiki, ɗan 63NA ne, in sabon soja ya zo sai ya sa shi ya faɗi sunansa sau biyu, ya rubuta, ya karanta masa, sannan ya tambaye shi haka babarka take kiran ka?

Kabiru_Rano
Baba Saje tunda an buɗe wannan shafin, gaskiya ne abin da ake faɗa cewa lokacin yaƙin basasa ana barin sunan waɗanda suka mutu a takardar albashi ana karɓe kuɗin? Tsofaffin garinmu suna faɗa sosai, wai akwai waɗanda suka dawo suka gina gidan kwano da kuɗin matattu.

Saje_Mai_Ritaya
Kabiru ni ban yi wancan yaƙin ba amma iyayen gidanmu sun faɗa mana, kuma hanyar a fili take. A da kuɗi a hannu ake biya. A kafa tebur, hafsa ya zauna da akwatin kuɗi, akawu ya kira lamba da suna, soja ya taho ya ƙame ya sara ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In mutum ya rasu aka jinkirta buga shi a fat tu oda, albashinsa zai ci gaba da zuwa, yatsa kuwa kowa yana da guda goma. Sai dai akawu shi kaɗai ba zai iya ba, takarda ba ta tafiya sai da sa hannun hafsa. Kuma zunubin bai tsaya a kuɗi ba, don muddin ba a buga ya rasu ba babu wanda zai sanar da iyalinsa, suna can suna jiran mutumin da aka binne tuntuni.

Ummu_Sadiya
Subhanallah. Wannan ai ya fi sata muni.

Maman_Khalifa_Dutse
Ni mijina yana cikin aikin yanzu, an kai su Borno ba sau ɗaya ba, ba zan faɗi inda yake ba. Abin da zan ce wa matan sojoji da iyayensu shi ne maganar magaji da Baba ya ambata ba wasa ba ce. Da yawa suna shiga aiki suna samari su rubuta sunan wa ko ƙane, su yi aure su haihu ba su je ofis an canza ba. Ranar da ta Allah ta kasance wanda ke cikin fayil shi za a kira, matar da 'ya'ya huɗu tana tsaye tana kallo. Na gani da idona a bariki, har magajiya, shugabar matan bariki, ta shiga maganar amma takarda ta riga ta yi hukunci. Ni sai da na tsaya a kan Baban Khalifa ya je ya gyara ya kawo min kwafi na gani. Yanzu albashi ta banki ne, ofis ɗin ma kwamfuta ce, amma wani sabon abu ya zo, kafin a aiko a sanar da kai a hukumance wani ya riga ya saka hoto a WhatsApp.

Bashir_Kazaure
Maman Khalifa Allah ya tsare mana su ya dawo da su lafiya. Ni fa abin da nake so in sani, da gaske ne a kasuwar mami ta cikin bariki komai ya fi araha? An ce kifin can babu irinsa.

Auwalu_Jahun
Kai Bashir ana maganar mutuwa kai kana maganar kifi 😂

Maman_Khalifa_Dutse
Hhh babu wata araha, kuɗin gari ne. Kifin dai akwai daɗi ba ƙarya.

Sani_Ɗan_Sumaila
Slm. Baba Saje ni na gama sakandare kuma na iya kwamfuta, in na nema za a iya ba ni akawu kai tsaye? Akwai wani a garinmu da ya ce in kawo kuɗi zai sa sunana a ɓangaren ofis ba za a kai ni daji ba.

Saje_Mai_Ritaya
Sani riƙe kuɗinka, ɗan damfara ne. Neman shiga soja kyauta ne ta intanet, kuma babu wanda zai yi maka alkawarin inda za a kai ka. In tsoron daji ne ya sa kake son ofis to ka nemi aikin ƙaramar hukuma, don bataliya in ta tashi da ofishinta take tashi.

Admin_Garba
Jama'a a dawo kan tambayar Nura don Allah. Maganar ɗaukar aiki a buɗe mata wani zaren. Kuma masu 'yan uwa a bakin aiki kada a faɗi wuri ko sunan bataliya.

Nura_Ringim
Ngd Admin. Na je wajen kakarmu ɗazu na karanta mata wasu daga cikin amsoshin nan, sai ta sa aka ɗauko wata tsohuwar adaka. Akwai littafin sallamarsa a ciki da lambobin girma biyu da igiyarsu ta koɗe, da wani ƙaramin littafi da ya rubuta sunaye da biro, kowane suna da lamba da sunan gari a gabansa, Taura, Garki, Babura, Gwaram, har da su Gboko da Zuru. Wasu an ja musu layi. Ta ce bayan ya dawo ya yi ta hawa jirgi da mota yana zuwa garuruwa, in an tambaye shi ya ce gaisuwa zai je. Ita ba ta taɓa sanin gaisuwar me ba ce.

Malam_Tarihi_Gumel
Nura ka adana littafin nan da kyau, kada ka bari a yi ta juya shi da hannu. Ka ɗauki hoton kowane shafi. Irin waɗannan takardun su ne babu a wajenmu, tarihin yaƙin basasa kusan duk daga bakin manyan hafsoshi aka ji shi, su Shuwa da Murtala da Adekunle da Obasanjo ake ta ambata, ƙananan sojoji ba wanda ya rubuta nasu. In akwai reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion kusa da ku ka kai musu su gani, wataƙila a samu wanda ya san wasu daga cikin sunayen.

Ɗan_Gaya_Mai_Taki
In akwai mutumin Gaya a ciki ka turo min ta akwatin sirri don Allah.

Sarkin_Gardama_Bichi
To ni dai ga inda na tsaya. Baba Saje na sara masa, ya shiga rami ya riƙe bindiga, wannan soja ne babu ja. Kakan Nura kuma mutumin kirki ne da alama, Allah ya saka masa. Amma har yanzu ba wanda ya kawo min shaidar cewa shi ya shiga rami. Baban Ɗan Gaya da ya ƙetare kogi da shi ba ɗaya ba ne, ko fansho ɗaya suka ci.

Ɗan_Gaya_Mai_Taki
Kada ka ja babana cikin gardamarka malam. Shi da kansa bai taɓa raba su ba, duk wanda ya sa kaki a wancan lokacin ɗan uwa yake ce masa, ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya tare suke jeruwa da hularsu. Haushinsa da mutum ɗaya ne, wanda ya ɓata masa suna.

Kabiru_Rano
Ni kuma ina ganin Sarkin Gardama yana da ɗan abin dubawa. Sojojin ma da kansu suna tsokanar 'yan ofis, na ji da kunnena a wajen wani biki, suna ce musu sojan biro. Ba ƙiyayya ba ce amma akwai abin.

Saje_Mai_Ritaya
Ana faɗa mana Kabiru, har gobe. Sai dai ba a faɗa ranar da mutum yake neman fas zai je ganin matarsa ta haihu, ranar sunana oga ne.

Ummu_Sadiya
Hhhh Baba ka gama da su.

Bashir_Kazaure
To ni yanzu wata ta taso min. Kawuna kuku ne a soja shekara da shekaru, ya je Saliyo ma. Shi kuma a wane layi za a sa shi?

Sarkin_Gardama_Bichi
Kuku daban, wannan ko ni ba zan taɓa shi ba. Amma ka buɗe sabon zare, ina da magana a kan 'yan badujala.